Malamar Kurame a Gidan Surukai

Tun daga Tsiga har motar ta shigo Funtuwa, Gwaggo ba ta ce wa Sakinatu ko uffan ba. Wanda ya san Gwaggo kuwa ya san wannan shiru ba na lafiya ba ne, domin mace ce da ko a gidan makoki sai an roƙe ta ta rage murya.

Sai da suka shiga gida ta cire mayafi ta wurga a kan igiya, sannan ta juyo.

"Gwiwar uwar miji, Sakinatu," in ji ta. "Da hannunki kika taɓa ta, a ɗaki cike da mata. Yau kin kwance mini zani a kasuwa."

Sakinatu ta durƙusa a bakin rijiya ta saki kukan da ta danne tun a mota.

Ga yadda abin ya faru. Hajiya Hansai, mahaifiyar Maharazu da ke Tsiga, ta dawo daga Makka, ana ta zuwa yi mata barka. Maharazu, wanda ya daɗe yana neman auren Sakinatu, ya nace lallai Gwaggo ta je da ita, wai uwarsa ta ga yarinyar da idonta ta daina jin ƙishin-ƙishin. Gwaggo ta so ta ƙi, don ba al'ada ba ce budurwa ta kai kanta gidan surukai tun ba a sa rana ba. Amma ita ta riƙe Sakinatu tun rasuwar ƙanenta, uban yarinyar, kuma ta gaji da jin ana cewa 'yar riƙonta za ta tsufa a gida da alli a hannu. Sai ta yarda.

Ita Sakinatu malama ce a firamaren da ke bayan layin dogo. Ba ta cikin waɗanda aka kwaso da gaggawa lokacin da gwamnati ta buɗe karatun kyauta ga kowa. Ta gama kwalejin malamai, aka kuma tura ta kwas har Jos ta koyo yadda ake koyar da kurame. Da ta dawo aka share mata wani tsohon sito a ƙarshen makarantar, aka ce ga ajinta nan, in ta samu yaran.

Ta kuwa same su. Gida-gida ta bi, har ƙauyuka, tana roƙon iyayen da ba su taɓa ganin amfanin waɗannan 'ya'ya ba sai a korar tsuntsu daga gonar gero. A wannan ajin ba a magana sai an kalli fuskar juna. Ba a magana sai da hannu. Wanda ya kawar da kai kuwa ba kiransa ake yi ba, taɓa shi ake yi. Haka ta yi shekaru tana wuni, har abin ya shiga jikinta.

To, sabo turken wawa.

Da farko komai ya tafi daidai a ɗakin Hajiya. Sakinatu ta durƙusa daga bakin ƙofa, kai a sunkuye, ta yi gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa. Aka miƙo musu dabino da zamzam a ɗan kofi. Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya. Sai wata tsohuwa mai neman magana ta tambaya wai da gaske ne bebaye take koya wa boko, kuma ta yaya ake koya wa wanda ba ya ji?

An sosa mata inda yake mata ƙaiƙayi. Ta ɗago kai, ta kafa wa Hajiya ido, ta shiga bayani. Hannuwanta suka fito daga mayafi suna yin abin da suka saba: ga yadda ake cewa ruwa, ga uwa, ga makaranta. Hajiya ta kawar da kai gefe don takaici. Ita kuwa Sakinatu, ba ta ma san ta yi ba, ta miƙa hannu ta ɗan bubbuga gwiwar Hajiya don ta juyo.

Wata ta yi wuf ta rufe wa matar wan Maharazu fuska da mayafi, don tana ɗauke da tsohon ciki, ta ja ta waje tana a'uziyya. Hajiya ta janye ƙafarta, ta kakkaɓe inda aka taɓa, ta ce a bai wa baƙi tsarabarsu kada mota ta wuce su.

Gwaggo ta yi faɗa ranar har maƙwabta suka haddace labarin ta kan katanga. Ta zagi boko, ta zagi Jos, ta zagi wanda ya fara kai mota Jos. Ni dai ban ga laifin yarinyar can-can ba, amma wa ya tambaye ni?

Maharazu bai zo ba sai bayan kwana biyu, da la'asar. Tun daga yadda ya kashe babur nesa da ƙofar gida ya turo shi da hannu, Sakinatu ta san ba alheri ya ɗauko ba.

Ma'aikaci ne a ofishin ilimi. Sabuwar manhaja ta ce kowane aji ya riƙa sauraron darasi ta rediyo, shi ne aka ɗora wa raba rediyoyin da akwatunan littattafai ga makarantu, daga Funtuwa har Malumfashi. Da rediyon ma suka haɗu. Ya shigo ajinta ranar farko da fara'arsa, ya kafa akwatin a kan tebur ya kunna. Yara suka zuba masa ido. Ya ƙara murya, suka ci gaba da kallonsa. Sai da ta bari ya murɗa har ƙarshe sannan ta gaya masa ajin da ya shigo.

Kunyar wannan rana ce ta zama so. Tun daga nan duk akwatin da ya zo sai ya tsince mata littattafai masu hotuna kafin kowa ya gani. Shi ya nemo mata majigi mai aiki da batir, aka riƙa toshe taga da buhu ana nuna wa yaran teku da jirgin sama. Har maganar hannun ya ɗan koya, yana yi yara suna dariyar kurakuransa. Saboda haka ta ba shi zuciyarta ba tare da ta rage komai ba.

Yanzu ga shi zaune a zaure yana wasa da makullin babur, ya kasa kallonta.

Ya ce ya sha fama a Tsiga. Kallon ido da taɓa gwiwa, Inna ta ce wannan ta yafe, ta ɗauke shi a ƙuruciya da rashin uwa. Amma hannun nan ba za ta yafe ba.

"Ta ce macen da ke wuni tana kwaikwayon bebaye, in ta ɗauki ciki bebe za ta haifa," in ji shi. "Ta ce ba za a shigo mata da bebanci cikin zuri'a ba tana raye. Sai dai ki bar ajin, ki zauna hannun ya huce, sannan a yi maganar sa rana."

"Kai ma ka yarda da wannan, Malam?"

Ya ce ina, shi da ya san sanƙarau da baƙon dauro ne suka kurmantar da yawancin yaran nan. Camfi ne kawai. Amma ba da shi ake gardama ba, da uwarsa ake, kuma ba a kai uwa gaban allo a yi mata darasi.

Hawaye suka zubo mata. Ta ce ya fi kowa sanin babu wani malamin kurame a duk ƙasar nan sai an dangana da Kaduna. Ranar da ta fita daga ajin, ranar za a rufe shi. Yaran za su koma inda ta tsinto su, ana jifansu a lungu ana yi musu waƙa.

"Ka ce in bar komai, zan bari," in ji ta. "Ka ce in zauna a Tsiga in riƙa zuwa da ƙafa, zan yi. Ka ce in ɗaure hannuna a baya duk ranar da zan gaida Hajiya, wallahi zan ɗaure. Amma kada ka ce in bar yaran nan. Ba zan iya ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce zan iya ba."

Can ya miƙe ya ce ta share hawayenta, ta bar masa, zai san yadda zai yi.

Ita ta ɗauka kan uwarsa zai je ya shawo. Mai so abin da yake son ji shi yake ji.

Kaka ta yi. Auduga ta fara shigowa gari a kan jakuna da manyan motoci, fuloti inda ake awonta ya cika da manoma tun da safe. Maharazu ya rage zuwa zance, in ya zo kuma sai ya yi ta fara'ar da ta wuce kima yana cewa abu ya kusa. Sakinatu ta saki jiki har ta fara duba atamfofi a shagon 'yan kudu da ke bakin tasha.

Ran nan ana dab da tashi daga makaranta sai ga motar Alhaji Maitama ta tsaya a ƙofar ajinta, ta shiga zuba oda.

Alhaji Maitama dillalin auduga ne, kuma shi ne shugaban kwamitin ilimi na yankin, don a ƙasar nan wanda ya fi kowa rumbu shi ake ɗauka ya fi kowa hankali. Matarsa ta rasu bara, tun kafin a share makoki ya fara aike wurin Gwaggo neman auren Sakinatu. Sakinatu ta ƙi ko fita gaishe shi. Ta taɓa ganinsa da idonta yana korar 'yan ajinta da bulala daga inuwar motarsa, yana cewa an tara dabbobi an ce makaranta. Tun ranar ko sunansa ba ta son ji.

Bai fito daga motar ba. Ya yi ta danna oda har sauran azuzuwa suka leƙo ta taga, dole ta fito.

"Malama, murna na zo taya ki," in ji shi. "Ashe Malumfashi za a kai mana ke."

Ta ce ba ta gane ba.

Ya gyara zama, don labarin ya yi masa daɗi. Ya ce ai an gama ginin sabon ɗakin karatu na makarantu a Malumfashi, ana neman wanda zai kula da shi. Malam Maharazu ya yi makonni yana bin tebur-tebur a ofis, ya durƙusa wa wannan ya roƙi wancan, yana cewa Malama Sakinatu ta gaji da kurame, kunya ce ta hana ta faɗa da bakinta. Jiya kwamiti ya zauna aka amince. Ƙarshen watan nan za ta tafi.

"Ni ban hana ba," in ji shi. "Wa zai hana amarya abin da take so?"

"Ƙarya kake yi, Alhaji."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce ga ofishin hedimasta nan, ba nisa. Sannan ya rage murya, dariyar ta ɗauke.

"Abin da kwamiti ya ɗaura, shugaban kwamiti ne kaɗai ke kwance shi. Kin san inda nake zama. Kin kuma san abin da na daɗe ina nema a gidanku. Ni ba na ciniki biyu, Malama. Ki ba ni nawa, in bar miki dabbobinki."

Ya ja mota ya bar ta tsaye a rana.

Malam Sada, hedimastan, bai ko yi ƙoƙarin ɓoye murnarsa ba. Dama tun farko bai so a kawo masa kurame makaranta ba, yana cewa iyayen sauran yara na ƙorafi. Ya ce ƙwarai an yi maganar, shi ma jiya aka shaida masa. Ɗakin nata za a mayar da shi ɗakin sauraron rediyo, tunda manhaja ta ce a saurara kuma ba inda ake ajiye akwatunan. Majigin ma za a ba 'yan aji shida, su da za su amfana da shi.

Ta tambaye shi yaran fa. Ya ce su koma gida tukuna, har gwamnati ta turo wani malamin. Daga shi har ita sun san ba wanda za a turo.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Tana shiga gida ta tarar da Gwaggo tana rangaɗa guɗa a tsakar gida. An aiko daga Tsiga. Hajiya ta ji cewa yarinya ta tuba ta bar bebaye za ta koma tsaron littattafai, ta sauko. Ranar Juma'a baffannin Maharazu za su zo a sa rana.

Sakinatu ta ce ita ba ta tuba daga komai ba, kuma ba ta nemi a canja mata wurin aiki ba.

Guɗar ta tsaya. Gwaggo ta ajiye muciyar da ke hannunta ta matso.

"Ki saurare ni da kunnen da Allah bai toshe miki ba," in ji ta. "Yaron nan ya wanke miki kunyar da kika jawo mana, ya samo miki aiki a inuwa, ya shawo kan uwar da ko ni tsoronta nake. Abin da ya rage miki ki rufe bakinki har Juma'a. In kika ɓata wannan, ga Alhaji Maitama nan, ni duk ɗaya ne a wurina. Amma ba zan mutu in bar 'yar ƙanena tana rawar hannu da 'ya'yan wasu ba, ita ba nata."

Sakinatu ta shige ɗaki.

Da la'asar sai ga Maharazu, wannan karon har ƙofar gida da ƙarar babur, ya sha sabuwar shadda, da kwalbar turare a aljihu. Ya shigo zaure yana murmushi irin na wanda ya zo karɓar godiya. Yana ganin fuskarta murmushin ya tafi.

Ba ta zauna ba, ba ta kuma gaishe shi ba.

"Da gaske ne ka ce na gaji da su?"

Ya fara cewa ta tsaya ta ji, dama yau ya yi niyyar gaya mata da kansa. Ta sake maimaita tambayar. Ya sunkuyar da kai ya ce ya faɗa, don in bai faɗi haka ba ba za su yarda ba.

"A nan wurin na gaya maka ba zan iya ba," in ji ta. "A nan, kana zaune kan tabarmar nan. Na yi maka kuka. Ka ce in share hawaye. Ashe kana fita ofis ka nufa ka ari bakina ka ci mini albasa."

Ya ce don su ya yi. Ya ce ɗakin karatun nan ba ƙaramin abu ba ne, littattafai ne har rufi, makarantun ƙauye duk daga nan za su riƙa ɗauka, yara dubbai za su amfana ba 'yan tsiraru ba. In an ɗaura aure, Inna ta ga jika lafiyayye, sai a san yadda za a dawo da ita ajin a hankali.

"In kuma jikan ya zo kurma fa?"

Ya kawar da kai.

"Sanƙarau ba ya tambayar aikin uwa, Malam, kai ka faɗa da bakinka. In ya kama namu fa? Hajiya ta ce hannuna ne, kai kuma ka sake zuwa wani ofishin ka san yadda za ka yi da ni?"

"Sakinatu, kada ki yi mana mugun baki."

"Ba baki nake yi ba, tambaya nake. Kuma a wane ɗakin zan dawo? Wanda za a cika da rediyonka? Su waye za su zauna su jira ni? Manyan 'yan matan kafin baɗi an aurar da su ga wanda ba zai taɓa sanin sun iya rubuta sunansu ba. Ƙananan su manta duk abin da muka yi. Kai ka toshe mana taga da hannunka muka nuna musu teku. Wa zai koyar da su, Maharazu?"

Tunda suke ba ta taɓa kiran sunansa gatsal ba. Abin ya buge shi, idanunsa suka kawo ruwa, sai kuma zuciya ta ɗebe shi.

"Allahn da ya halicce su," in ji shi. "Kafin ki zo da wa suke? Ni uwa ɗaya gare ni. Ta rantse in na kawo mata malamar bebaye ba ta yafe mini nononta ba. So kike in shiga wuta saboda 'ya'yan da ko iyayensu ba su damu da su ba?"

Yana rufe baki ya san ya yi ɓarna, amma magana zarar bunu ce.

Ta share fuskarta da gefen mayafi. Ta ce ba ta ce ya saɓa wa uwarsa ba, ba za ta taɓa cewa ba. Da ya zo ya ce ya kasa, da ta yi kukanta ta haƙura da shi, ajin na nan. Abu ɗaya take roƙo yanzu: gobe ya koma ofis ya ce ƙarya ya yi.

Ya ce ba zai yiwu ba. In ya faɗi haka aikinsa ya tafi, kuma ko ya faɗa bakin alƙalami ya bushe, magana ta bar hannun ofis tana hannun shugaban kwamiti. Ya ciro kwalbar turaren ya ajiye a kan tabarma, ya roƙe ta don Allah ta yi shiru har Juma'a kawai. Ya rantse zai yi mata duk abin da mace ke so a duniya.

Ta tsallake turaren ta shige gida.

Washegari ta tafi makaranta da niyyar gaya wa yaran, don kada su ji a hannun wani. Amma kurma ba a ɓoye masa fuska. Tana shiga suka ga idanunta, suka bar bencinansu suka kewaye ta, wannan na jan hannunta, wannan na tambaya wa ya mutu, wancan na nuna ƙwanji wai a faɗa masa wanda ya taɓa ta. Ta ɗaga hannu za ta ce an rufe ajin. Ta san alamar sarai, ita ta koya musu ita. Hannun ya ƙi.

Ta sa su suka zauna, ta yi musu darasin lissafi kamar kullum. Tana yi tana auna abin da ke gabanta. In ta yi shiru, ranar Juma'a za a sa mata rana da mutumin da har yanzu, duk da abin da ya yi, zuciyarta ba ta daina bugawa in ta ji ƙarar baburinsa ba. In ta buɗe baki, ƙofa ɗaya ce ta rage, kuma ta san wanda ke zaune a bayanta. Gaba kura, baya siyaki. Ta tsani Alhaji Maitama, ta tsani kanta da take ko tunanin abin, ta fi tsanar Maharazu da ya bar mata wannan zaɓi.

Da aka tashi ta raka ƙananan har suka tsallaka layin dogo, kamar yadda ta saba. Maharazu na tsaye a bakin makarantar da baburinsa, da alama bai runtsa ba. Ta wuce shi. Maimakon ta yi dama hanyar gida, sai ta yi hagu.

Ya biyo ta yana tura babur. Da farko ya ɗauka kasuwa za ta. Sai da suka wuce tasha, farin ɓurɓushin auduga ya fara bayyana a bakin hanya, sannan ya gane wurin Alhaji Maitama ta nufa.

Ya sha gabanta. Ya ce ta tuna ko wane ne mutumin nan, ta tuna bulalar, ta tuna abin da yake kiran yaran. Ya ce zai sake komawa Tsiga, zai kwanta a ƙofar ɗakin Inna, zai kai mata liman. Ya roƙe ta ta ba shi mako ɗaya. Manoman da ke zaune kan buhunansu suna jiran awo suka zuba musu ido, ga malamin ofis da shadda yana kuka a titi.

Ta tambaye shi ko cikin makon zai iya buɗe mata ajin. Ya sunkuyar da kai.

Daga cikin fuloti, ƙarƙashin rumfar kwano kusa da sikeli, Alhaji Maitama ya hango su. Bai tashi ba, bai ɗaga hannu ba. Ya dai ajiye goron da yake ɓarewa ya gyara babbar rigarsa.

"Sakinatu, don girman Allah," in ji Maharazu. "Kada ki shiga."

Ta kalle shi ido cikin ido, irin kallon da ta saba, hawaye na bin kumatunta.

"Ni ban san hanyar nan ba, Malam. Ban taɓa biyo ta ba. Kai ka kawo ni."

Ta ja mayafinta ta rufe hannuwanta, ta kewaye baburin ta shiga. Alhaji Maitama ya ce a dakatar da awo, a kawo wa Malama kujera.